Ku Biyun Nan Nake Wa Magana

Sannunku da zuwa. A'a, Malam, daina waige-waige, babu kowa a bayanka. Kai ɗin ne dai na gani biyu: ɗaya zaune daram a kan tabarma, ɗaya kuma ya ɗan ɗaga sama ta hagu kamar hayaƙi zai tafi da shi. Hularku iri ɗaya, taɓe bakinku iri ɗaya. To ku gyara zama, don na san abin da ya kawo ku. Musu kuka zo yi, ni kuwa yau ba ni da wurin zuwa, tunda na jingine babur.

Shekara uku ke nan ina fama da wannan baƙo, wato ganin biyu. Ba kullum yake zuwa ba, abin haushin ke nan. Sai ya sauka ya yi kwana huɗu ko biyar, ya tattara ya tafi ba sallama, in yi wata biyu ina ganin duniya guda ɗaya tak kamar kowane bawan Allah. Har in fara cewa an rabu da Bukar, ashe Habu na hanya. Wata la'asar ina cikin zuba shayi sai in ga kofi ya haihu. Wani zuwan ma da 'yan rakiya yake tafe: fatar idon hagu ta yi nauyi kamar an rataya mata dutsen guga, yatsu su riƙa yi min kamar kiyashi na zirga-zirga a ciki, in na tashi tafiya kuma ƙasa ta ɗan kauce daga inda na bar ta. An ɗebi jini, an haska ido, an zura ni cikin na'ura. Har yau ciwon nan ba shi da suna. An yi haihuwa shekara uku, rago na ɗaure, liman bai iso ba.

Ka ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me kake sha?"

Ai na san daga nan za ka fara, don ba kai ne na farko ba. Shayi nake sha, shi ma rabinsa tabarma ce ke shanyewa. Gaskiya ne mai maye yakan ga abu biyu-biyu, domin barasa da wasu ƙwayoyi suna hana idanu tafiya tare. Amma shi da kuɗinsa ya saya, kuma gari na wayewa kofinsa ya koma ɗaya. Ni kyauta ake kawo min har gida, ko ladan ɗan aike ba a karɓa.

Ka ce to ma ƙarya ce, yaya za a yi mutum da idonsa garau ya ga abu ɗaya ya zama biyu? Madalla. Ɗaga yatsanka na nuni, tsayar da shi kamar taƙi guda daga hancinka. Kada ka kalle shi. Kalli bangon can, ƙura masa ido. Yanzu, ba tare da ka ɗauke ido daga bangon ba, yatsa nawa ne a gabanka? Kada ka yi shiru mana. Biyu ko? To Malam, tsakaninka da Allah, me kake sha?

Kowa da hoto biyu yake kwana yake tashi. Idon dama ya aika nasa, na hagu ya aika nasa, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su su zama ɗaya ta miƙo maka, kai kuma kana ta taƙama kamar kai ka yi ɗinkin. Sharaɗinta guda ne: idanun biyu su nufi wuri ɗaya daidai wa daida. Kowane ido tsoka shida ke juya shi, goma sha biyu ke nan in an haɗa, jijiyoyi uku kuma a kowane gefe ke kai musu umarni. Likitoci da lamba suke kiransu kamar 'yan ƙwallo: ta uku, ta huɗu, ta shida. Ka taɓa tsayawa kallon shanun huɗa? In sa ɗaya ya ja ƙafa ko kaɗan ne, kunya ta karkace. Haka nawa suke min. Guda ya yi nawa, kunya ta karkace, ni kuma kunya ta kama ni a gaban baƙi.

In kana jin wannan surutun Turawa ne, sai ka koma Alƙahira ka yi musun da Ibnul Haisam, mutumin Basra. Kimanin shekara 1000 da suka wuce, a littafinsa Kitabul Manazir, ya bayyana yadda ya jera 'yan sandunan kaki a kan allo, ya kafa allon a karan hancinsa, yana lura da lokacin da abu ke fitowa ɗaya da lokacin da yake rabuwa biyu. Shi sai ka ce masa shehin malami. Ni kuwa har ƙanin babana ya matso yana shinshina bakina.

Ka ce, "To ka je a yanka maka gilashi mana, ka huta, mu huta." Na je. Abin farko da likitan ido ya yi ko sisi bai ci ba: ya ce in rufe ido ɗaya. Na rufe, duniya ta koma ɗaya. Ya ce in canza, na rufe ɗayan, haka nan. Wannan ɗan gwajin shi ne mararraba. Da a ce da ido ɗaya ma biyu nake gani, da laifin yana cikin idon kansa: ko yana ce ta fara rufe shi, ko bushewa, ko gilashi yake nema. Tunda kuwa kowanne shi kaɗai sumul yake, sai an haɗa su rigima ke tashi, to matsalar zaman tare ce, irin ta kishiyoyin da kowacce mutuniyar kirki ce a ɗakinta. Daga nan ya shiga tambaya. Hotunan gefe da gefe suke, ko ɗaya bisa ɗaya? Daga nesa ya fi tsanani, ko in na sunkuya ina karatu? Kada ka ɗauka hira ce. Gefe da gefe mai ƙaruwa daga nesa yakan nuna jijiya ta shida. Ɗaya bisa ɗaya a ɗan karkace, mai tsananta in an kalli ƙasa wajen sauka matakala, yakan nuna ta huɗu. Nawa kuwa, don iya shege, yau wannan gobe wancan. Sai ya rubuta takarda ya tura ni wajen likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

Kai! Na ga ka washe baki da jin "ƙwaƙwalwa". Ba ɓangaren masu taɓin hankali ba ne, ko da yake da can ɗin ne ma ba abin kunya ba ne. Wannan mai duba wayarin gida ne.

A wurinsa na gane baƙon nan nawa munafuki ne. Ka san halin mota: ta kwana tana ƙara, ana isa wajen bakanike ta yi tsit kamar amarya. Asibiti da safe ake ganin likita. Baƙona kuwa ba ya fitar safe, sai la'asar ta yi sakaliya. In yi sammako, in bi layi tun asuba, in shiga wajen ƙarfe goma, likita ya ɗaga biro ya ce in bi shi da ido: dama, hagu, sama, ƙasa. Idanuna su yi fareti kamar sojoji ranar 1 ga Oktoba. Ya dube ni, in dube shi, shi ɗaya tilo. In dawo gida, ana kiran sallar magariba, hasumiyar masallaci ta zama biyu.

Sai na'urar hoton ƙwaƙwalwa da suke kira MRI. Aka raba ni da agogo da makullai da duk wani ƙarfe, don katafaren maganaɗisu ne, aka tura ni ciki kamar burodi a tanderu, aka ce kada in motsa. Fiye da rabin awa ina kwance ana buge-buge a kunnena, kamar an haɗa maƙera da masu injin markaɗe an ce su yi gasa. Kuɗin kuwa kada ka tambaya. Ranar na yi ta fatan takardun da ke hannuna su ninka da gaske, ba a idona kawai ba. Sakamako ya fito: ba ƙari, ba alamar shanyewar jiki, ba tabo. Na yi hamdala har da sujada. Sai da na iso bakin ƙofar asibiti sannan na tuna har yanzu ba a gaya min abin da ke damuna ba.

Ka ce, "To alhamdu lillahi! Likita ya ce ba komai, sai ka daina damun mutane."

Tsaya, tsaya. Ni ina wurin, kai ba ka nan. Cewa ya yi, "Ba mu ga komai ba." Kai kuma ka tare maganar a hanya ka yanke mata jela ta zama "babu komai". Bari in tambaye ka. Ranar 29 ga Sha'aban, in jama'a suka fita duban wata suka dawo ba su gan shi ba, ka taɓa jin an yi shela cewa an sace wata? Cewa ake a cika talatin. Watan yana nan, ko dai hazo ne, ko bai kai girman da ido zai kama shi ba. Na'ura ma ido ce, da abin da take gani da wanda ya fi ƙarfinta. Ni dai an riga an roƙe ni a unguwa kada in ƙara fita duban wata, wai shaidata za ta raba kan jama'a.

Ga misali kusa. Akwai ciwon da likitana ya fi zargi, sunansa mayasteniya. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta tare ƙofar da saƙon jijiya ke bi ya shiga tsoka, kamar maigadi ya hana mai gida shiga gidansa. Da safe tsoka ta taɓa aiki, tana gajiya saƙo ya daina isa, shi ya sa abin ya fi tsanani da yamma ya kuma lafa bayan hutu. Sau da yawa daga ido yake farawa: fatar ido ta sauko, gani ya rabu. A hoton ƙwaƙwalwa ba ya fitowa, don ba can yake zaune ba. Gwajin jini ake masa, amma cikin waɗanda ciwon ya tsaya musu a ido kawai, kusan rabi jininsu ba ya tona shi. Ka ji ko? Rabi. Ga ciwo a jiki, ga takarda tana cewa ba ta gani ba. Nawa jinin ma haka ya rufa masa asiri. Akwai kuma gwajin ƙanƙara: a ɗora ta minti biyu a kan fatar idon da ta sauko, in ta ɗaga, alama ce. Ranar da aka tanadar min ƙanƙara, idona a buɗe yake tar kamar na mai gadin banki.

Ka ce ba ka taɓa jin wannan ciwo ba, don haka babu shi. Ashe? Amita Bacan fa, wanda ka sha dukan babanka saboda tsallake katanga zuwa kallonsa a silima? Bayan hatsarin da ya samu wajen ɗaukar fim ɗin Coolie a 1982, wanda ya kusa kai shi lahira, an gano yana da mayasteniya. Mutumin da ka gani da idonka yana watsa 'yan daba ashirin shi kaɗai. Shi kam ka yarda da nasa, saboda dogo ne.

Sauran waɗanda ake tuhuma duk an gayyace su. Suga da hawan jini, masu toshe 'yan ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar ido har gani ya rabu, yawanci ya daidaita cikin wata uku: an auna, an wanke su. An duba ƙwayar nan ta maƙogwaro mai kawo maƙoƙo, don takan kumbura tsokokin ido. An yi zancen wani ciwon da garkuwar jiki ke gaigaye rigar jijiyoyi kamar ɓera da wayar lantarki, shi ma mai zuwa ne ya tafi, amma hoto bai nuna tabonsa ba. Kowanne an kira shi ofis, an yi masa tambayoyi, an ba da belinsa. Fayil dai a buɗe yake.

Yauwa Hajiya, ashe ke ma kin shigo, na ga tun ɗazu kina motsa baki. Bismillah. Kin ce wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, ko kuwa na taka 'ya'yan mutanen ɓoye a gindin kuka da tsakar rana. Allah ya bar zumunci. Addu'a kam ina yi, ina kuma so a yi min, tofi da rubutu ban taɓa mayar da hannun kowa ba. Amma ki ba ni amsa: wane irin aljani ne wannan da tafin hannu ɗaya ke korarsa? In rufe ido ya gudu, in buɗe ya dawo. Wane irin aljani ne ba ya aikin safe, sai an tashi daga kasuwa? In kuwa jifa ne, to mai jifan ya cuci kansa, don maimakon ya rage min, ƙari ya yi min: ɗaki biyu, akuya biyu, uwargida biyu. Ita uwargidan cewa ta yi in dai wannan ce kishiyar, ta yi maraba da ita, tunda ba ta cin tuwo ba ta da ranar girki. Ta dai ja min kunne kada in kuskura in miƙa wa waccan kuɗin cefane.

Tunda kin kusa kawo zancen maita, bari in riga ki. A tsohuwar Kalaba, in an zargi mutum da maita, wani wake mai dafi ake ba shi. In ya amayar ya rayu an wanke shi, in ya mutu a ce ta tabbata. Turawa suka kai waken nan ƙasarsu suka tace sinadarin da ke cikinsa. A 1934 wata likita 'yar Sikotilan, Mary Walker, a wani asibiti a Landan, ta yi wa wata mai mayasteniya allurar sinadarin nan, sai ga fatar ido ta ɗaga, tsoka ta dawo aiki na ɗan lokaci. Maganin da ake ba masu ciwon har yau dangin wancan ne. Kin ga waken da aka yi ta kashe bayin Allah da shi da sunan kama mayu, ashe yana ɗauke da maganin irin ciwon da mu nan za mu ce kamun maye ne. Kada ki aika a nemo min shi fa, dafi ne har gobe.

Wani abokina ya leƙa idona ya ce shawara ce. Ya yi gaskiya ta wata fuska, don tun da na fara ciwon nan ita ce ta fi addabata: shawara. Wannan ya ce zuma, wancan habbatus sauda, wata ta ce kwalli, wani ya ce in ƙara aure. Ga biyu ina gani, so yake su zama huɗu. Mai kemis ɗin layinmu kuwa duk ciwon duniya biyu ne a wurinsa, maleriya da taifot, har nakan rasa tsakanin ni da shi wa ya fi ganin biyu. Nan kam dariya ta ɗan tsaya, domin kwinin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna tsananta mayasteniya, har su taɓa numfashi. Shi ya sa likita ya hana ni haɗiyar komai sai ya gani.

Ka ce, "Tunani ne ya yi maka yawa." Wannan karon ka kusa. Tunani akwai shi buhu-buhu, amma kafin ka ɗora masa laifi, tambayi wa ya riga wani zuwa. Mutumin da ya hango tirela biyu sun nufo shi a titin Zariya, ya san ɗaya ce ta gaske amma bai san wacce ba, in bai yi tunani ba ai shi ne mai buƙatar likita. Ranar na sauka daga babur na tura shi har gida, ban sake hawa ba. Na kuma gano in na ɗan karkatar da kai zuwa kafaɗa hotunan sukan haɗu, sai aka fara cewa Malam ya samu wuri, yana wa mutane kallon sheƙeƙe. Na taɓa durƙusa wa surukina, ashe gaban na bogin na durƙusa, na gasken yana gefe yana kallon ikon Allah.

Dabarar da ta fi min aiki ita ce mafi arha: in liƙe gilashi ɗaya da salatif mai duhu. Akwai gilashi na musamman mai karkatar da haske ya haɗa hotunan, amma shi sai karkacewar ta tsaya wuri ɗaya, tawa kuwa 'yar yawo ce. An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Ni da idona biyu lafiyayyu nake rufe ɗaya in gode Allah.

Abin da ya fi ciwon ciwo shi ne ni kaɗai ne shaida. Mai karaya ga ɗori ana gani, mai zazzaɓi a taɓa goshinsa a ce wayyo. Ni fa? Ba jini, ba kumburi, sai bakina, kai kuwa ka ga irin darajar da kake ba shi. 'Yata ce ta fid da ni. Ta ce, "Baba, in ya zo ka kira ni in ɗauka a waya." Wata Laraba bayan la'asar ya zo, ta ɗauka: ga fatar idon hagu ta sauko rabi, ga ƙwayar ido ɗaya ta ƙi bin 'yar uwarta. Na kai wa likita. Ya kalla sau uku, ya jawo kujerarsa kusa. Bai raɗa wa ciwon suna ba, amma ya mayar da lokacin ganina yamma, ya kuma rubuta wani gwajin da ake ɗan tsikarin jijiya da lantarki a ga yadda tsoka ke gajiya. Yanzu har littafi nake da shi: rana, lokaci, tsawon zaman baƙo, ko an yi zafi. Shafin watan Afrilu, lokacin da Kano ke tafasa, shi ya fi cika, likita kuma ya ce zafi yakan tayar da irin waɗannan.

Kafin ka tashi, karɓi wannan kyauta, ba don halinka ba. In wata rana gani ya rabu maka farat ɗaya tare da ciwon kai irin wanda ba ka taɓa ji ba, ko fatar ido ta faɗo ɗan baƙin tsakiyar idon ya buɗe ya fi na ɗayan girma, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, kada ka tsaya musu da kanka yadda kake yi da ni. Kada ka ce sai gari ya waye. A tare adaidaita a kai ka asibiti a daren. Ko shi kaɗai ya zo ba 'yan rakiya, a nuna wa likita. Ni ina wasa da nawa ne don an riga an leƙa an kore manyan.

Ka ce har yanzu ba ka gamsu ba. To ai shi ke nan, ga shayi ya nuna. Da ni zan zuba, amma ka ga yadda tabarmar ta koma. Ɗauki butar ka zuba mana da kanka.

A'a, ba kai ba. Na kusa da kai.